Ɗigo Biyu a Bakin Gyale

Talata, da hantsi

Bismillahi. To, na danna jan nan da ka nuna mani, ban sani ba ko yana ɗauka. In yana ɗauka, ni ce. Wayarka ce, wadda ka bari a kan taga ranar. Ita kaɗai na ɗauko, sai ɗiyarka, sai zanen da ke jikina. Ko takalmi ban sa ba.

Muna Batsari, gidan yayanka, Yaya Badaru. Ni da Innarka a ɗakin da suke aje buhuna. Lafiya lau muke. Na ce bari in riƙa faɗa ma wayar abin da ke faruwa, in ka dawo ka saurara da kanka, don ka san ni, in kana gabana bakina ba ya buɗuwa.

Abu ɗaya ne dai. Nonon ya ɗauke, tun daga ranar. Ɗiyarka tana kamawa, ta ja, ta ja, ta saki, ta dube ni. Ba kukan ne ke damuna ba, kallon nan ne.

Laraba, bayan azahar

Inna ta dama mani kunun kanwa, na sha har cikina ya yi tauri. Ba abin da ya zo. A'isha matar Yaya tana taimaka mani, tana ba ta nata da safe, amma ita ma nata goyon ya kusa yaye, abin ba yawa. Tana yi tana ce mani kar in damu. Ni kuwa ina zaune ina kallon wata tana ba ɗiyarka abin da ni ya kamata in ba ta.

Garin nan babura sun yi yawa. Ɗaya bai gama wucewa ba, wani ya taho. Kowane ya taho sai na duba inda ƙofa take.

Kuma ƙaurin nan bai bar hancina ba. Na wanke, na shaƙi ruwa wajen alwala har ya hau mani kai, yana nan. Ka san yadda gero ke yi in rumbu ya... A'a. Bar wannan. Lafiya lau muke.

Alhamis, magariba

Yaya ya wuni da waya a hannu, yana jiran waɗanda suka tafi da kai. Ba su kira ba.

Litinin, bayan la'asar

Yau A'isha ta kai ni asibiti don Inna ta taɓa kan yarinyar ta ce maɗigarta ta faɗa. An sa ta a ma'auni, na ga yadda malamar ta yi da bakinta, na gane ta ragu. Sunan malamar Larai, babbar mace ce, tana da furfura a gaba. Ta duba yarinyar, ta ba ni wani ruwa da zan riƙa ba ta da cokali, sannan ta juyo ta dube ni ni kaina. Ta tambaye ni yaushe rabona da barci. Na ce ina yi. Ta ce ba ta tambayi ko ina rufe ido ba.

Sai ta buɗe jakarta, ba cikin kayan asibiti ba, tata ta hannu, ta fiddo wata 'yar kwalba mai duhu, ba ta kai babban yatsa ba. Ta ce man wani fure ne, ta faɗi sunanshi da Turanci, lafanda ko mi, ban riƙe ba. Ta ɗiga biyu a bakin gyalena, ta ce in kai hanci in ja a hankali, in riƙe, in saki ta baki kamar mai hura kunu. Ta sa na yi ta yi a gabanta, mutane na kallo, na ji kunya.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kamar ka murza ɗoɗɗoya bayan an ɗauke ruwa, amma ba ita ba, ya fi ta sanyi. Abin da na sani, da na ja na uku, ban ji ƙaurin ba. Tun daga ranar, yau ne farko.

Na tambaye ta ko shi zai kawo nonon. Ta ce, "Ba ya kawo nono, ɗiyata. Hankali yake kwantarwa. In hankali ya kwanta, nono ya san hanyarshi."

Ta ja mani kunne: ba a sha, ba a shafa ma nono, ba a kai shi hancin jariri. Kuma in ci gaba da ba yarinyar tana ja ko ba komai, jan ne ke kiranshi. Na ɗaure kwalbar a lalita.

Talata, da asuba

Na yi barci. Kiran salla ne ya tashe ni, ba babur ba.

Alhamis, da hantsi

Ya fara zuwa. Kaɗan ne, amma ya zo. Ina shaƙar gyalen tana ja, sai na ji wani abu kamar tsinke yana tsira daga ciki, sai na ga kumatunta na motsi. Na so in kira Inna, na fasa, kar in yi magana ya koma.

Inna kuwa ba ta son abin. Tun shekaranjiya take hura hanci in ta shigo ɗaki. Yau ta kasa haƙuri ta ce mi ke wari haka. Wari ta ce. Na nuna mata kwalbar na ce magani ne, malamar asibiti ta ba ni. Ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin maganin da ake sha da hanci ba, sai dai taba. Ta ce mijina na can inda yake, ni ina nan ina tashin turare kamar amaryar jiya, mi mutane za su ce. Ban tanka ba. Uwarka ce. Kuma ita ma ba ta barci, ina jin carbinta har gari ya waye.

Asabar, bayan azahar

Mutanen sun ce ɗin. Na je tuƙa-tuƙa ɗiban ruwa, wata mata ta matso ta shinshina ni, ta ce da 'yar'uwarta, wai 'yan gudun hijiran bana da humra suke gudu. Suka yi dariya. Ɗayar ta ce ko dai an fara neman wani. Na cika bokitina na taho. Wallahi ban yi kuka ba sai da na shiga banɗaki.

Na ce zan bari. Na bari jiya, ban ɗiga ba. Ƙaurin ya dawo, na kwana zaune, da safe ba ko ɗigon nono. To ka gani. Su faɗi abin da za su faɗa, ba su ne ɗiyarka ke kallo ba.

In ka dawo zan ba ka ka shaƙa. Na san abin da za ka ce, za ka ce warin sabulun 'yan birni ne, kai a bar ka da turarenka na Juma'a mai sa mutum atishawa.

Lahadi, magariba

Sun kira. Yaya ya fita waje da wayar, ya daɗe. Da ya dawo ya ce an yi magana. Na ce ya ji muryarka? Ya ce an yi magana.

Laraba, da hantsi

An kai shanun huɗarka kasuwa. Har da Ɗan Baƙin da ka ce ba za ka taɓa rabuwa da shi ba. Yaya ya ce kar in faɗa maka sai ka huta, to ga shi na faɗa. Ka yi haƙuri. Shanu ana sake wasu.

Ɗiyarka ta yi dariya yau, mai sauti. Na yi saurin danna jan, kafin ya kama ta daina.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Wani mutumin wajen Darini ya tare Yaya a masallaci ya faɗa mashi wata magana. Shi ma ba gani ya yi ba, wani ya faɗa ma wani. Ba zan maimaita ba, don ba gaskiya ba ce.

Yaya ya shigo ya zauna a bakin ƙofarmu, ya daɗe yana gaida Inna kamar baƙo, ya tambayi kwana, ya tambayi ƙafa, ya tambayi sanyin ɗaki. Daga nan ya ce tunda abin ya zama haka, ko da ba a tabbatar ba, ya kamata Zahra'u, ni ke nan, ta fara kiyayewa. Ta aje kwalli, ta aje awarwaro. Ya dubi gyalena ya ce da wannan turaren, don mai takaba ba ta sa turare.

Takaba ya ce. A gabana ya faɗi kalmar.

Na ce magani ne. Ban taɓa mayar mashi da magana ba sai yau. Ya ce duk abin da ke ƙamshi turare ne, ko likita ya ba da shi ko ɗan koli.

Ka san wa ya tare mani? Inna. Ta aje carbi ta ce, "Badaru, ka ga gawa?" Ya ce a'a. "Ka ga wanda ya ga gawa?" Ya ce bai gani ba. Ta ce to ya tashi ya ba ta wuri, ba wanda zai sa ma ɗanta takaba da maganar bakin masallaci. Da ya fita ta juyo ta ce mani, ba tare da ta dube ni ba, "Ke kuma ɗiga abin warin naki."

Asabar, da asuba

Kwalli na nan a idona. Awarwaro na nan, ji. Ka ji ƙararsu?

Litinin, bayan azahar

Yanzu Inna ce mai tambaya. In ta idar da sallar asuba sai ta ɗaga hanci. In ba ta ji ba, sai ta ce yau ba a sa abin ba ne? Har yanzu wari take ce mashi, amma in na ɗiga sai ta gyara zama ta matso kusa, wai ƙafarta ce ke son jingina. Na gane. Muddin ɗakin nan na tashi, to ni matar mai rai ce. Ita ma abin da take shaƙa ke nan.

Mun koma asibiti. Yarinyar ta ƙaru. Malama Larai ta ɗaga ta sama tana ce mata Nana Hadiza ƙanwar giwa. Na faɗa mata abin da Yaya ya ce, na tambaye ta tsakani da Allah, turare ne ko magani. Ta ce ita a wurinta magani ne, amma ita ba malamar addini ba ce, kuma ba za ta ce ba ya ƙamshi ba. Ta ce in Allah ya so ma ba za a kai ga tambayar ba.

Kwalbar ta yi rabi. Na ɗaga ta a rana na gani.

Talata, magariba

Ba su kira ba.

Laraba, magariba

Ba su kira ba. An kai masu abin da suka ce tun shekaranjiya. Yaya ya ce haka suke yi, sai sun ga dama. Ya ce an ce za a sako mutane ta wajen Ruma, ya tura a tsaya a hanya.

Na wanke zanena, na ari tsintsiya na share ɗakin har ƙarƙashin buhuna. A'isha ta yi mani kitso. Na ce ta yi irin wanda na yi da suna, ba ta tambaye ni dalili ba.

Alhamis, la'asar

Sharhabilu ya dawo, maƙwabcinmu, wanda kuka tafi gona tare ranar. Shi kaɗai.

Juma'a

Ban san ko wane lokaci ne ba.

Asabar, da hantsi

Sharhabilu ya zo da kanshi, an riƙo shi, ƙafafunshi duk sun fashe. Ya durƙusa gaban Inna. Ya faɗi da bakinshi, ya ce da hannunshi ya... ya ce sun samu sun rufe, sun fuskantar da gabas, shi da wani dattijo. Ya ce zazzaɓi ne, ba abin da muke tsoro ba. Ban sani ba ko don Inna ya faɗi haka.

Liman ya tambaye shi ranar rasuwar. Ya ce tun kafin kiran nan na farko.

Ka ji? Tun kafin Yaya ya ce an yi magana. Ranar da nake cewa zan ba ka ka shaƙa, ranar da nake kaɗa maka awarwaro. Ashe ina ciki ban sani ba, ina ta ɗiga ƙamshi a gyale. Liman ya ce ba laifi a kan wanda bai sani ba. Na ji. Ba laifin nake tunani ba.

A'isha ta tsefe kitson. Ita ta yi shi, ita ta tsefe.

Lahadi, bayan azahar

Yaya bai ce komai ba kan kwalbar, ko kallona ba ya iya yi. Ni na aika A'isha ta kai ma liman ya duba. Ta ce ya buɗe, ya shaƙa, ya rufe, ya ce wannan ƙamshi ne ba shakka. In lalura ta matsa, addini ba ya ƙuntata ma mai shayarwa, amma in zan iya barin sa shi a jiki da tufa, barin ya fi.

To na bari. Ba wanda ya tilasta mani. Ban wanke ka ba, ban ga inda aka sa ka ba, ban ba ka ko ruwa ba. Wannan kaɗai ya rage da zan yi maka, zan yi shi yadda ake yi. Na kwance kwalbar daga lalita na aje a gefen tabarmar Inna, na ce ta ba wanda ta ga dama. Gyalen kuma na ba A'isha ta wanke ta riƙe.

Talata, da asuba

Ƙaurin ya dawo.

Laraba, da hantsi

Ina yin yadda malama ta koya mani, in ja ta hanci, in saki ta baki. Ba komai a gyalen da aka ba ni sai warin akwati. Ina ja, gero nake ji.

Nonon ya ja baya. Jiya kaɗan, yau ban ji tsinken nan ba ko sau ɗaya. Ta kama, ta ja, ta saki. Kallon ya dawo. A'isha kuma nata ya ƙare, ta yaye.

Masu gaisuwa na ta zuwa. Matar nan ta tuƙa-tuƙa ma ta zo, ta ce ya haƙuri, na ce da godiya. Ta zauna kusa da ni, na ga tana ɗaga hanci. Ba ta ji komai ba.

Na san liman ya ce in lalura ta matsa. Na sani. Na kai hannu wajen tabarmar Inna ɗazu, na janye. In na sa, wa nake sa ma? In ban sa ba, ɗiyarka fa? Kai ne mai faɗa mani in na rasa yadda zan yi.

Alhamis, magariba

Na taɓa maɗigarta. Ban faɗa ma kowa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in yi magana a hankali.

Ɗazu da mutane suka watse, ina zaune da yarinyar tana ta ƙaramin kuka, wanda ba ƙarfi. Inna ta tashi ta shiga wanka. Tun ranar da Sharhabilu ya zo ba ta canza zane ba, yau ta canza. Ta dawo ta zauna a tabarmarta ta juya mani baya, na ji tana kokawa da wani abu, tana tsaki, ka san yatsunta. Sai na ji ɗakin ya tashi. Ba biyu ta ɗiga ba, ina jin ta kusa juye rabin abin da ya rage a mayafinta.

Na ce Inna, ina takaba.

Ta ce, "Ke ke yi. Uwa kwana uku aka ba ta, nawa sun cika. A jikina yake, ba a naki ba." Ta jawo tabarmar har ta haɗe da tawa, ta zauna, kafaɗarta a jikin tawa. "Hanci kuwa ban ji malamin da ya ce a ɗaure shi ba. Ba ta nonon."

Yaya ya zo wucewa ta ƙofa, ya tsaya, na ga ya ji. Inna ta ɗaga kai ta ce mashi tsohuwa ce ta ga damar yin ƙamshi, akwai magana? Ƙamshi ta ce. Ya ce babu, Inna, ya sa kai ya wuce.

Mun daɗe a haka. Ni ina ja ina saki, ita ma na ji tana ja tana saki, ashe duk kwanakin nan tana kallon yadda nake yi. Can sai ta fara kiran sunanka, a hankali, tana maimaitawa. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai yau. Ni ma na bar nawa. Ban san lokacin da tsinken ya tsira ba.

Tana nan jingine da ni yanzu, barci ya ɗauke ta da carbi a hannu. Ba zan motsa ba. Ta ce gobe ma za ta sa, in ya ƙare ita za ta je wajen malamar da ƙafarta.

Na san ba za ka saurara ba. Na sani. Amma bari in matso da wayar, ka yi shiru.

Ka ji? Ɗiyarka ce, haɗiya take yi.